Karatun kula da bala'o'i a waje ko aikin ingancin asibiti, wanne zan kama?

'Yar Logon ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan kowa ya wuni lafiya. Na daɗe ina leƙowa nan ina karantawa ban taɓa sa baki ba sai yau, don abin ya tsaya min a rai kuma a gida ba wanda ya san harkar balle ya ba ni shawara.

Ni anfirmiya ce, ina da lisans na aikin jinya, shekarata huɗu ina aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Logon da Shari, ba nisa sosai da Kuseri. Wanda yake wannan yanki ya san abin da muka gani a daminar 2024. Ruwa ya shigo mana cikin dare, kafin gari ya waye ya kai gwiwa a ɗakin haihuwa, rajistocinmu da ke ƙasan kabad duk sun jiƙe sun manne, firigon rigakafi ya mutu don batiran sola a ƙasa aka jera su, allurar ositosin da muke tsayar da jinin masu haihuwa da ita ta kwana biyu cikin zafi. A satin nan aka kawo mana wata mata cikin kwalekwale tana naƙuda, na karɓi haihuwarta da hasken waya a kan benci a wata makaranta, jini ya ɓalle mata, ina yi mata allurar ina addu'a don ban san ko maganin yana da sauran ƙarfi ba. Allah ya sa ta rayu. Amma wallahi har yau idan hadari ya haɗu gabana faɗuwa yake.

Tun lokacin na ƙudurta sai na yi karatun kula da bala'o'i, na fita waje na yi masta na dawo. To kuma ga shi watan jiya shugabanmu na gunduma ya ce yana so ya ba ni kula da ingancin aiki, wato ni ce zan riƙa bin fishe-fishe (takardun da ake cikewa) da tsafta da rajista da shirya zuwan masu duba mu. Ba ƙarin albashi a ciki, aiki ne kawai ya ƙaru. Wata ƙawata ta ce kar na karɓa, zai ɗaure ni a ƙauye na manta da karatu. Babana kuma ya ce in dai karatun zai amfane ni zai sayar da shanu biyar da gonarsa ta bakin ruwa ya tura ni Faransa, ni kuma maganar nan ta hana ni barci, don gonar nan ita ke ciyar da gidanmu.

Dan Allah waɗanda suka yi wannan karatu ko suke aikin inganci, ina ake yinsa, nawa yake ci, kuma in an dawo akwai aiki kuwa? Turancin Ingilishina kaɗan ne, Faransanci na yi karatu da shi.

Baban Ummi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, abin da kika yi a makarantar nan ba ƙaramin abu ba ne, Allah ya saka.

Ni ɗan Marwa ne amma a Injamena nake aiki da wata ƙungiyar agaji, kuma irin karatun da kike magana na yi a Beljiyam, a jami'ar Liège, reshenta na garin Arlon, da tallafin ARES, hukumar manyan makarantun Beljiyam masu Faransanci. Abu na farko tun kafin komai: ki ce wa Baba ya bar gonarsa da shanunsa. Bari na yi miki lissafi ki gani. A 2025 dai Faransa sai kin nuna kina da aƙalla Yuro 615 na kowane wata kafin su ba ki biza, kuma Yuro ɗaya sefa 656 ne, kin ga wata ɗaya ya haura sefa 400,000, shekara kusan miliyan biyar, ban sa kuɗin makaranta ba wanda ga baƙi a masta ya kusa Yuro 4,000 a jami'o'in da ba su yafe shi ba, ban sa jirgi ba, ban sa zirga-zirgar zuwa Campus France, ofishin neman karatu a Faransa, a Yawunde ba. Kuma 615 ɗin nan a takarda ne, a babban gari haya kaɗai za ta cinye mafi yawansa. Jamus kuma sai kin toshe sama da Yuro 11,000 a asusu na shekara guda. Shanu biyar ba za su kai ki ƙarshen shekarar farko ba, sai ki koma wankin kwanuka a gidan abinci karatun ya lalace gonar ma ta tafi. Wannan karatu da burs ake yinsa, wato tallafin karatu.

Abu na biyu, ki san me ake koyarwa a ciki don sunan yana ruɗin mutane. Wanda na yi rabinsa taswira ce da kwamfuta da hoton tauraron ɗan'adam, yadda ake lissafin tashin kogi, yadda ake auna wace unguwa ce ruwa zai fara ci, dokoki irin yarjejeniyar Sendai ta 2015 da ƙasashe suka amince da ita a Japan za ta kai 2030. Ni da na karanta jogarafi ya zauna min daidai, na rubuta kundina a kan madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafar kamfanin SEMRY da yadda ruwan Logon ke matsa mata. Amma ke mai aikin jinya in kika shiga nan za ki bar abin da kika fi kowa sani ki koma gasa da injiniyoyi. Kuma na Liège ɗin sai mai masta a hannu ake ɗauka, lisans bai isa ba.

Wanda ya dace da ke shi ne ɓangaren lafiyar al'umma a lokacin bala'i. Akwai masta na Erasmus Mundus, shirin Tarayyar Turai, a kan haka wanda jami'ar Oviedo ta Sifen da cibiyar Karolinska ta Suwidin ke cikinsa, burs na Erasmus Mundus yana biyan makaranta ya ba ki Yuro 1,400 a wata, amma da Ingilishi ake yi kuma duniya ce gaba ɗaya ke nema. Akwai na likitancin bala'i da jami'ar Piemonte Orientale ta Italiya ke yi tare da wata jami'a a Burasel, mafi yawansa ta intanet. Jami'ar Kopanhagen ma tana da na shekara ɗaya amma da tsada. Tunda ke Faransanci ne ƙarfinki ni da zan ce ki fara duba jami'ar Senghor da ke Iskandariyya a Masar, ta ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci ce, tana da sashen lafiya, da konkur, wato jarrabawar gasa, ake shiga duk bayan shekara biyu kuma da lisans da ɗan ƙwarewar aiki ana nema. Sai Bioforce a Dakar, su ba masta suke bayarwa ba, horo ne na aikin agaji kai tsaye.

Maganar aiki kuma ba zan ɓoye miki ba. Tun da Amurka ta dakatar da kuɗin USAID a farkon 2025 abokan aikina da yawa suna zaune a gida, masu masta daga Turai ne wasunsu. Kwantiragin wata shida ne, wata tara ne, in kuɗin ya ƙare kowa ya kama gabansa. Bala'i kam bai ƙare ba, nan Chadi ambaliyar 2024 ta kashe sama da mutum 500 ta taɓa kusan miliyan biyu, ga 'yan gudun hijirar Sudan a gabas, amma yawan bala'i daban yawan kujerun aiki daban.

Maman Biyu ta rubuta:

'Yata, ki karɓi aikin nan da shugabanki ya ba ki. Yau ma in da hali. Ƙawarki tana son ki da alheri amma ba ta san abin ba.

Ni shekarata 26 a asibiti a nan Garwa, na yi majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, na ɗakin haihuwa shekaru kafin a mayar da ni ɓangaren inganci, kuma da na karanta labarinki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ki sake karanta abin da kika rubuta da kanki. Batir a ƙasa. Rajista a ƙasan kabad. Ositosin ba inda za a gudu da ita a sanyaya. Wanne ne a ciki ruwa ya jawo? Ruwa ya zo ne kawai ya tona, tun ranar da aka jera batiran nan a ƙasa a garin da kowa ya san kogi na cika daga Agusta zuwa Oktoba aka yi ɓarnar. Wanda aikinsa ne ya zagaya ya ga wannan tun a watan Mayu ya rubuta ya dage sai an ɗaga su kan kanta, shi ne mai kula da inganci, kujerar da ake miƙa miki kina jinkiri.

Mutane na ɗauka aikin inganci cika takarda ne don masu duba PBF, tsarin biyan asibiti gwargwadon aikinsa, su zo duk wata uku su ba da maki a samu kuɗi. Eh akwai wannan, kuma na ga inda ake share asibiti a cika fishe a daren da za su zo, wannan ha'inci ne kuma marasa lafiya ke biyan kuɗinsa. Ainihin aikin wani likita mai suna Donabedian ya shimfiɗa shi tun 1966 da tambaya uku: me kuke da shi, me kuke yi da shi, me ya fito a ƙarshe. Kuna da firigo, to ana rubuta sanyinsa safe da yamma yana tsakanin digiri 2 da 8? Kuna da takardar bin naƙuda, ana cika ta lokacin da matar ke naƙuda ko sai bayan ta haihu a zauna a ƙirƙira? Mata nawa jini ya ɓalle musu a wata, nawa aka tura babban asibiti, awa nawa suka yi a hanya? In mace ta rasu wajen haihuwa a zauna a bi abin daki-daki ba don a kama mai laifi ba, don a gano inda aka yi jinkiri. Wannan zaman shi ya fi komai wuya, don ba mai son a ce a gadinsa abin ya faru, ni kaina na yi kuka a irin wannan zama ba sau ɗaya ba.

Wani binciken mujallar Lancet na 2018 ya nuna cewa a ƙasashe irin namu kusan mutum miliyan 5 ke mutuwa duk shekara bayan sun je asibiti saboda kulawar ba ta da kyau, waɗanda suka mutu don ba su samu zuwa ba kuma miliyan 3.6. Ki duba da kyau. Mun sha wahala muna roƙon mata su zo awo su haihu a asibiti, aka kawo shek sante, takardar kula da mai ciki har ta haihu, na sefa 6,000 a yankunanmu uku na arewa suka fara zuwa, to in sun zo me suke tararwa? Amanar da ke wuyanmu ke nan.

Ta fannin ci gaba kuma hanya tana nan, a hankali take tafiya amma ba ta yankewa kamar kwantiragin ƙungiyoyi. Ki fara da 5S-Kaizen da Japanawa suka kawo ta hannun JICA, ba ya cin kuɗi, ware abin da ba a buƙata ne da ba kowane kaya mazauninsa da tsafta da ɗorewa a kai. Ki koyi DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya, sosai ba shigar da lamba kaɗai ba, ki iya fito da jadawali ki karanta shi, da Excel. Ki koyi zagayen nan na tsarawa, gwadawa, dubawa, gyarawa. In kina da hulɗa da ɗakin gwaji akwai tsarin auna inganci SLIPTA mai ba da taurari har biyar da ma'aunin duniya ISO 15189, na gudanarwa gaba ɗaya kuma ISO 9001. Hukumar lafiya ta duniya na da darussa kyauta ta intanet da Faransanci a kan kare kamuwa da cuta a asibiti. Akwai wata jarrabawar ingancin asibiti ta Amurka CPHQ da asibitocin ƙasashen Larabawa ke so, amma da Ingilishi ce kuma a kan tsarinsu aka gina ta, ki bar ta sai gaba.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki: in ma'aikaciyar gwamnati ce ke, kar ki kuskura ki tafi karatu ba takardar izinin tafiya sitaj, wato ƙaro karatu, daga ma'aikata. Na san yarinyar da ta tafi da baki kawai aka ce mata je ki ba komai, ta dawo ta tarar an rubuta ta gudu daga aiki an tsayar da albashi, shekara biyu tana sintirin Yawunde. Dosiyen nan yana daɗewa, a fara shi da wuri.

Ɗan Yagwa ya rubuta:

Slm anti. Ni dai ƙarin bayani kaɗan, waje ba sai Turai ba fa. Ni yanzu haka a Zariya nake, jami'ar ABU na da cibiyar kula da bala'o'i suna yin difloma ta gaba da digiri da masta, daga Marwa mota ce zata kawo ki, Hausa ake ji ko'ina abinci irin namu, kuma ambaliyar da ake koyarwa a aji tamu ce, duk lokacin da aka zo maganar 2012 sai an ambaci madatsar Lagdo da Binuwai kowa ya juyo yana kallona tunda ni ne ɗan Kamaru. Karatun da Ingilishi ne to amma kinga nan zaki gyara turancin naki a arha kafin ki nemi na Turai. Jami'ar Buea ma suna yi a cikin gida.

Turkiyya ma akwai burs na gwamnati, ana buɗewa daga Janairu zuwa Fabrairu, masta sai ƙasa da shekara 30 kuma zaki yi shekara guda kina koyon yarensu tukun, su girgizar ƙasa ce tafi damunsu. Kuma dan Allah anti kar ki ba kowa kuɗi wai zai samo miki burs, wani yayana sefa 700,000 ya ba wani mutum a Duwala har yau ba mutumin ba kuɗin. Duk na gaskiya da kanki zaki cika a shafinsu.

Gadar garinmu da ta karye a Satumban 2024 ita tasa na shiga wannan karatu, dan haka na fahimci abinda kike ji wlh.

'Yar Logon ta rubuta:

Na gode ƙwarai, useko. Mama maganarki ta shige ni, don gaskiya ni na sha wucewa ta gaban batiran nan kullum ban taɓa kawo komai a raina ba. Ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce ni tukuna, kwamitin asibiti ke biyana, to ta nan ba matsala.

Yaya Baban Ummi tambayata ita ce, in na tsaya na yi shekara biyu a aikin ingancin nan ba zai sa masu burs su ce na kauce daga harkar bala'i ba? Shekarata 28, ina tsoron lokaci ya wuce, ga maganar aure ana ta yi min a gida.

Baban Ummi ya rubuta:

Ko kaɗan ƙanwata, shi ne ma zai ɗaga dosiyenki. Da ma ARES da DAAD mai ba da burs ta Jamus duk suna neman shekara biyu na aiki, kin riga kin wuce wannan, abin da ya rage miki shi ne abin nunawa. Masu tantancewa suna karanta wasiƙu ɗari-ɗari kuma kusan duka abu ɗaya suke cewa, ƙasata na fama da ambaliya ina so na taimaki al'ummata. Wadda za ta rubuta cewa ruwa ya ci asibitinmu a 2024, aka ba ni kula da inganci, na yi kaza da kaza, damina ta gaba firigo bai mutu ba ko kwana ɗaya ga takardar sanyin a haɗe, wannan ita ake kira.

Kuma Maman Biyu ta yi gaskiya, har ta tuna min abin da ban faɗa ba. Hukumar lafiya ta duniya tana da wani ma'auni na lafiyar ginin asibiti da shirinsa a lokacin bala'i, bugun 2015 tambaya 151 ne, yana duba ƙarfin gini, sai wuta da ruwa da magani da na'urori, sai tsarin wa zai yi me in abu ya faru, a ƙarshe asibiti ya faɗa rukunin A ko B ko C. Don manyan asibitoci aka yi shi, ke ki tsamo abin da ya shafi naku. A nan karatun bala'i da aikin inganci suka haɗu, kuma masu iya duka biyun a yankinmu ba su da yawa, a tarukan da nake zuwa mu masu taswira ba mu san ɗakin haihuwa ba, likitoci kuma ba su san tashin kogi ba.

Ki fara da abin da hannunki zai kai. Ki tambayi tsofaffin garin inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2022 da 2024 ki sa alama a bango, duk abin da ke ƙasa da alamar a ɗaga shi. Ki rubuta sunayen mata masu cikin da za su haihu daga Agusta zuwa Nuwamba da unguwanninsu da lambar mai kwalekwale mafi kusa. A san tun yanzu wane asibiti za a kai rigakafi cikin akwatin sanyi in wuta ta ɗauke, kuma wa zai kai. Bayan ruwa kwalara ke biyowa, mun ga yadda ta yi mana a Arewa Mai Nisa a 2010, to kowa a asibitin har mai shara ya iya haɗa ruwan kulorin, kashi 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, 0.2 na ƙasa da gadaje, 2 na amai da bayan gida, a manna a bango da Faransanci da Larabci da Hausa. Ki ɗauki hoto kafin da bayan, ki ajiye kwafin komai a waya.

Shekaru kuma ba su ƙure miki ba, lokacin da na nema ARES har 40 suke ɗauka a masta, ni da shekara 34 na tafi na bar Ummi tana rarrafe. Na Turkiyya ne ke gab da kuɓuce miki. Ingilishi dai ki fara yau, rabin awa kullum, jarrabawar Ingilishi ta IELTS sai kin sauka kudu za ki rubuta don haka ki tara kuɗinsa a hankali. Maganar aure ba zan shiga ba, sai dai duk wanda ya fito ki faɗa masa zancen karatun nan tun a zaure, gaban manya.

'Yar Logon ta rubuta:

Na kira shugabanmu ɗazu bayan la'asar na ce na karɓa, ya ce na zo ranar Litinin a ba ni takarda a rubuce, na ce masa ina so a sa kwanan wata da sunan aikin a ciki saboda dosiye. Baba kuma na faɗa masa a bar gonar, ya yi shiru can ya ce to Allah ya yi zaɓi mafi alheri, amma shanun suna nan in kuɗin jarrabawa ya tashi.

Mama in ba damuwa zan biyo ki ta saƙo ki turo min irin fishen da kuke bin mutuwar masu haihuwa da shi, namu ruwa ya cinye ba mu samu sabo ba har yanzu. Gobe da safe zan nemi magini ya zo ya auna inda za a yi wa batiran kanta.